Gyaran Gona Shi Ne Gyaran Gida

Jawabin da magatakardan ƙungiya ya yi gaban dattawa da 'yan biɗa a taronmu na Bazaga, bayan babbar salla. Mun buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka shi daɗe mai gari, malam liman, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke zaune can baya, da ku 'yan'uwana 'yan biɗa da kunka zo daga Abijan da Legas da Yamai da sauran wurare, assalamu alaikum. Ina gaishe ku da hanya, ina gaishe ku da salla. Waɗanda munka rasa tun taron bara, Allah shi ji ƙansu, shi kyauta namu ƙarshe.

Ni yaro ne gaban waɗanga dattawa. Akwai nan wanda ya riƙe hauya tun ba a haife ni ba, don haka ban zo koya ma kowa noma ba. An dai ɗora mini magana. In na yi kuskure, a gyara mini.

Maganata a kan kuɗin da muke aikowa gida take. Kowa ya san yadda abin yake. Da bazara ta kama, ko damana ta yi tsaka, sai waya ta yi ƙara, a ce maka rumbu ya ƙare. Ka aiko, a sayi hatsi lokacin da ya fi tsada, a ci, shi ƙare. Baɗi kuma haka. Wasunmu sun fi shekara ashirin suna wanga aiki, kuma gidan bai fita daga yunwa ba. Abin da nake roƙo yau shi ne mu raba kuɗin nan: kashi mafi yawa shi tafi tukunya kamar kullum, wani kashi kuma shi shiga cikin ƙasa.

Abin da ya samu gonakinmu

Dattawa sun gaya mana, a da in gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekaru, icce shi rufe ta, a koma wata. Yanzu mutane sun yi yawa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta, ba wadda ke hutawa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe icce da dabbobi, wanda ya tsira kuma gatari ya gama da shi. Da ƙasa ta tsiraita, rana ta gasa ta, ruwa ya daddaɓe ta, sai ta koma fako. Ruwan sama shi faɗi a kan fako kamar ya faɗi a kan kwano, shi gudu da ƙasar kirki zuwa korama. Yashin nan shi ke binne fadamu, shi ke cike madatsan ruwa irin na Mozage da Zango, waɗanda gonakin noman rani na Ƙonni ke sha daga gare su.

Wannan ɓarna ba ta tsaya a gona ba, gida take shiga. Magidancin da rumbunsa ya ƙare kafin ruwa shi sauka, shi ke barin gonarsa lokacin noman fari shi tafi ƙwadago gonar wani don tiyar hatsi. Kafin shi dawo, haki ya ci tasa gonar. Shi ke cin bashi da damana shi biya ninki da kaka. Matarsa ke tafiyar rabin yini neman iccen girki, in ba ta samu ba ta ƙona kara da kashin shanu, waɗanda ya kamata su koma gona su zama taki. Yaran su rame, zazzaɓin damana shi same su ba ƙarfi. Akwai magidancin da ke fita gida tun asuba, ba don yana da wurin zuwa ba, don dai kada shi ji kukan yara. Wanda bai taɓa shiga halin nan ba, shi gode Allah. Daga nan ne samari ke kama hanya. Yawancinmu haka munka fita.

Biɗa ba gado ba ce

Ba na zagin biɗa. Da ita munka yi aure, da ita munka rufa ɗakuna da kwano. Amma mu tuna. A 1969 Gana ta kori baƙi, iyayenmu sunka dawo da abin da hannu ke iya ɗauka. A 1983 Nijeriya ta yi haka. A 1984, shekarar yunwa, an rufe iyakar Nijeriya, har mutane sunka sa ma yunwar sunan Buhari. A 2002 yaƙi ya tashi a Kwaddebuwa, a 2011 ya tashi a Libiya. A 2019 an sake rufe iyaka, a 2023 kuma haka, kowa nan ya ga yadda farashin cimaka ya tashi a kasuwar Ƙonni. Duk ranar da ƙasar wani ta rikice, ina muke nufa? Gida. To, in mun dawo gida mun tarar da fako, me za mu ci?

Abin da mutanen Illela sunka yi

Ba labarin nesa zan kawo muku ba. Illela nake nufi, tamu ta jihar Tawa, ba ta Sakkwato ba. A ƙarshen shekarun 1980, asusun raya noma na duniya da ake kira FIDA yana da aiki a yankin Illela da Badagishiri. Ma'aikatansa sunka ɗauki manoma 'yan kaɗan, ba su kai ashirin ba, sunka kai su ƙasar Yatenga a Burkina Faso. Can sunka ga mutane suna gina ramu a kan fako da rani, suna zuba taki a ciki, suna shuka in ruwa ya sauka. Mutanen can suna ce ma abin zai. Ɗaya daga cikin waɗanda sunka raya dabarar shi ne Yakuba Sawadogo, manomi ne kamar ku, wanda duniya ta karrama a 2018, ya rasu a 2023. Mu nan tassa muke cewa, kuma iyayenmu sun san ta tun da. Abin da anka ƙara shi ne faɗin rami da zurfinsa da taki.

Da sunka dawo, a 1989, abin da sunka gwada bai wuce hekta 4 ba. A 1990 anka yi hekta 70. Shekarar nan ruwa ya yi ƙaranci, gonaki sunka ƙone, amma hatsin da ke cikin ramu ya yi kai. Maƙwabta sunka gani da idonsu. Daga nan ba wanda ya sake jiran wa'azi. Zuwa 1995 an gyara wajen hekta 3,800. Ma'aikata sun auna amfanin gona daga 1991 zuwa 1996. In an haɗa shekarun an raba, hektar da ba a gyara ba tana ba da wajen kilo 125, mai tassa kuma wajen kilo 500. Ku lissafa da buhu mai kilo 100: can buhu ɗaya da kwata, nan buhu biyar. Hukuma kan lissafa mutum guda yana cin fiye da buhu biyu a shekara. Ke nan hekta guda ta tashi daga ciyar da mutum ɗaya rabin shekara zuwa ciyar da mutum biyu shekara cur.

Ga yadda ake yi, don waɗanda sunka daɗe ba su riƙe kalme ba. Ka gina rami, faɗinsa ya ɗara taƙi kaɗan, zurfinsa wajen taƙi ɗaya. Ƙasar da ka fidda ka tara ta gefen gangare, don ta tare ruwa. Tsakanin rami da rami taku ɗaya. Ka zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Iska za ta kawo ganye da ƙura ta ƙara. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, ruwa shi bi hanyoyin nan shi shige. In ruwa ya ɗauke kwana goma, shukar da ke cikin rami tana da laimar da za ta jira. Inda fili ya yi faɗi ana yin rabin wata, wato babban rami mai siffar jinjirin wata, bakinsa yana duban inda ruwa ke fitowa. Inda akwai duwatsu kuma ana jera su a gicciye, don ruwa shi rage gudu shi ajiye ƙasar da ya ɗauko.

Akwai wani gari a ƙasar Illela, sunansa Batodi. A 1994 ruwan rijiyoyinsa yana wajen mita 18 ƙasa. Mutanen garin sunka dage da tassa da rabin wata a kan fakon da ke kewaye da su. Zuwa 2004 ruwan ya taso har wajen mita 4. Ruwan da ke gudu a da, shi ne ya koma ƙarƙashin ƙasa. Matan garin sunka buɗe garake, suna noman albasa da kayan miya da rani. Iyayenmu mata da ke jan guga sun fi ni sanin bambancin igiyar mita 18 da ta mita 4. Ku tambayi bayansu da tafin hannunsu.

Maganar icce

Tun 1975 anka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska. Waɗanda sunka bi ta can sun ga yadda shuka ke tsira daga yashin da iskar farkon damana ke binne ta da shi. Amma dashe yana son rainon iri da ban ruwa da kuɗi. Akwai hanya mai araha. A 1983 wani bature ɗan Ostareliya, Toni Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa tsiron da muke sassabewa kowace shekara iccen da anka sare ne, saiwarsa tana nan da rai. In ka bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, cikin shekara uku ko huɗu ya zama icce. Shi ne sassaben zamani. Manoman Maraɗi da Damagaram sunka ɗauka, har masu bincike sunka ƙiyasta an rayar da icce miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A yunwar 2005 an ga garuruwan da ke da icce sun fi jimrewa, don suna da iccen sayarwa da ganyen miya da abincin dabbobi.

Ba sai na gaya ma dattawa amfanin gawo ba. Shi ke kaɗe ganyensa da damana shi bar ma hatsi rana, shi yi inuwa da rani, dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Ga sabara da kalgo da aduwa da magarya. A da mutane suna tsoron barin icce a gona, don suna ganin na ma'aikatan gandun daji ne, in ka taɓa shi tara ce. An sake dokar daji a 2004, kuma a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince manomi yana da haƙƙi a kan iccen da ya raina a gonarsa. Saura mu mu tsare shi daga masu sara da dare, waɗanda sau da yawa ɗiyanmu ne.

Wahalar da ke ciki

Kada in yaudare ku. Aikin nan yana da wuya. Hekta guda tana cin rami wajen 10,000. Masu lissafi sun ce wajen awa 300 ne ga mutum guda, wato wata biyu in yana awa biyar kullum, cikin zafin bazara, a kan ƙasa mai tauri. Bayan shekara biyu ko uku sai an sake gyara ramun. In ba taki, amfanin kaɗan ne. A jigawa mai yashi tassa ba ta tsayawa, iska ke cike ta, can sai icce da barin kara a gona. A shekarar da ruwa ya yi yawa, a ƙasa mai laka, ruwa na iya kwanciya cikin rami shi ɓata shuka.

Ku lura da lokacin aikin: bazara. Ina majiya ƙarfi suke da bazara? Muna Abijan, muna Legas. Wa ya rage a gari? Tsofaffi da mata da yara. A babban aikin gyaran ƙasa da anka fara a Keita a 1984, mata ne sunka ɗauki mafi yawan duwatsu a kansu, don mazan suna biɗa. Sun yi, Allah shi saka musu. Amma ba daidai ba ne mu ce a gyara gona, sa'an nan mu ɗora ma mace mai goyo da tsoho mai ciwon baya, mu muna waya muna tambaya ko an gama. In gyaran ƙasa ya karya mai gyaran, ba a yi komi ba. Nan ne kuɗinmu ke da amfani.

Abin da ya same ni

Zan faɗi abin kunyata don wani shi tsira. Mahaifina ya bar mana wani fako bayan gari. Ina can biɗa, wani bawan Allah ya aiko yana son saye. Na ce mai sayen fako ai taimakona zai yi. Na shawo kan ƙannena, munka sayar a kuɗin da bai kai na saniya ba. Bayan shekara huɗu na zo ganin gida da kaka, na bi ta wurin, na tarar da hatsi ya fi tsawona. Mutumen ya gina tassa, ya zuba taki, ya bar gawo. Ya gaishe ni da fara'a, har ya aiko ma tsohuwata dami biyu. Bai cuce ni ba, ciniki munka yi da shaidu. Ni na cuci ɗiyana. Haka ya faru a ƙasar Illela ma: da mutane sunka gane fako yana gyaruwa, masu hali sunka yi ta saye, kuɗinsa ya tashi, talakan da ya sayar da nasa ya koma ginin rami a gonar da ta kasance tasa.

Abin da nake roƙon taro

Na ɗaya. Kowane ɗan biɗa shi ware kashi ɗaya cikin goma na abin da yake aikowa, don ginin tassa da sayen taki a gonar gidansu. Kuɗin su iso tun watan uku, don ba a fafe gora ranar tafiya. A biya samarin da sunka zauna gida, su ma su sami abin rani ba tare da sun ƙetare iyaka ba. Ko kwatan hekta mutum ya gyara a shekara, cikin shekara huɗu ya gama hekta.

Na biyu. Ƙungiya ta sayi amalanke biyu daga cikin asusunta, don ɗaukar taki da duwatsu. A ajiye su hannun wanda dattawa sunka yarda da shi, a riƙa rubuta wanda ya ɗauka da abin da ya biya.

Na uku. A raya gayya don gonakin matan da mazansu sunka rasu da na tsofaffin da ba su da ɗa a waje. Ƙungiya ta ɗauki nauyin fura da goro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, wanga na dattawa ne. Kada a sayar da fako sai duk magada sun sani, har da na waje. In an ba mutum aron fili shi gyara, a faɗi shekarun da zai ci, a rubuta wurin mai gari da kwamitin filaye, wato Kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada. Ba wanda zai karya bayansa a kan filin da za a karɓe ranar da ya yi kyau. Matan da ke son fako su gyara, a ba su bisa wanga sharaɗi, kuma a sa biyu daga cikinsu a kwamitin aikin.

Na biyar. Da sassaben bana kowa shi bar kututture wajen arba'in a hekta. Mai gari da liman su yi shela cewa saran iccen gonar wani sata ce.

Na shida. Mu koma ma tsohuwar yarjejeniya da makiyaya: bayan an kwashe amfani su sauka a gonakinmu, su ci kara su bar mana taki. Mu kuma kada mu kai tassa cikin burtali. Gyaran da zai jawo faɗa da maƙwabci ba gyara ba ne.

Na bakwai. Kafin 'yan biɗa su watse, a ɗauki hayar mota a kai mutum goma, maza da mata, ƙasar Illela da Badagishiri su yini. Su tambayi masu gonaki, har da abin da bai yi ba. Gani ya kori ji. Mutanen Illela ma da tafiya guda sunka fara.

Iyayena, 'yan'uwana, ruwan sama na Allah ne, Shi ke saukar da shi lokacin da Ya so. Amma in ya sauka, ko shi tsaya a gonarmu ko shi wuce korama, wannan aikin hannunmu ne. Ni na fara: na ba ma'aji kuɗin rami dubu biyu da ɗari biyar a ragowar gonar gidanmu. Littafi yana hannunsa, wanda ya shirya shi ba da sunansa kafin a tashi. Waɗanda ke nesa su sanar da wakilin ƙungiya na garin da suke.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kare mu daga fari da fara, shi mai da matafiya gida lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure nawa ne, ku gafarce ni. Wassalamu alaikum.